Mai Kalangun Dandali

Fatar ɗan akuya ake nema, wanda bai gama ƙosawa ba, don ita ce ke da laushin ɗaukar murya. Makaɗin da ya san aikinsa ba ya aiken yaro sayenta. Da kansa yake sammako wurin mahauta, ya ɗaga ta a hasken rana, ya duba ko bakin wuƙar fiɗa ya taɓa ta, domin ɗan raunin da ido bai kama ba shi ne zai yage a tsakiyar fili ranar da jama'a suka cika. In ta yi masa, sai ya kai gida a jiƙa, a kankare gashin tas, a ɗora a bakin icen da masassaƙi ya fafe, a ɗinke, sannan a bi da tsirkiya daga wannan baki zuwa wancan. Tsirkiyar nan ce ke riƙe da sirrin kalangu. Makaɗi ya rataya shi a kafaɗa, gula a hannun dama, hagu a kan tsirkiya: in ya matsa murya ta hau, in ya sassauta ta sauka. Da haka kalangu ke kiran mutum da sunansa, ya yi masa taken gidansu, har ya zuga shi ya tashi daga inda yake zaune ba tare da makaɗin ya buɗe baki ba.

Icen ma ba kowanne ake sarewa ba. Alilliba aka fi so. A arewacin Yobe kuwa, inda rairayi ke ta matsowa daga wajen Yusufari da Yunusari, icen da ya yi kaurin da za a fafe ya yi wuya. Abin da ido ya fi gani goruba ce da aduwa da ƙaro. Shi ya sa tsohon icen kalangu ke da daraja a gidan makaɗa. Fata ta mutu a sake, tsirkiya ta tsinke a sake, amma icen na kaka ne, shi ake gada. Ga kuma rigimar yanayi. Da damina raɓa kan sa fata ta saki, sai an kanga ta a wuta kafin ta yi magana. Da hunturu kuwa, irin hunturun Nguru da Gashua mai fasa leɓe, sai ta ɗame ta bushe, duka ɗaya mai ƙarfi ya isa ya huda ta. Makaɗi mai hankali ba ya fita wasa ba tare da wata fatar a jaka ba.

Asalin kalangu na mahauta ne. Shi ake kaɗawa a sanar da gari cewa an yi yanka, shi ne kuma kiɗan dambe, wasan da mahauta suka fi kowa riƙewa. Wannan ya sa labarinsa a wannan yanki bai rabu da labarin jirgin ƙasa ba. Da layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu da busasshen nama da ake lodi zuwa kudu. Fatake da mahauta da 'yan dako suka cika shi, unguwar Hausari ta bunƙasa, inda kuwa mahauci ya kafa rumfa, mai kalangu na nan tafe. Daga nan sana'ar ta bi kasuwanni ta gangara Gashua, hedikwatar masarautar Bade, ta kai Dapchi, hedikwatar ƙaramar hukumar Bursari da ke gefen Komadugu Gana. Ba fili babu kowa ta tarar ba. Mangawa na da gangarsu da algaitarsu, Badawa na da kaɗe-kaɗensu na su da noma da aure, Fulani na da sarewa da ƙwarya. Mai kalangun da ya zauna a nan dole ya koyi zama da su, ya san lokacin da zai shiga gaba da lokacin da zai koma baya ya raka ganga.

Koyon sana'ar ba ya farawa da kalangu. Yaro kan fara da ɗaukar kaya, ya riƙe wa maigida takalmi da buta, ya tsince kuɗin da suka zuba ƙasa. Bayan nan a ɗaura masa kuntuku, ya yi shekaru yana buga abu guda ba canji, har hannunsa ya daina gudu ya daina nawa. In ya kuskure ba a tsayar da wasa a yi masa bayani. Harara ce, ko a ɗan taɓa shi da gula a ka. Sai an ga kunnensa ya buɗe ake barinsa ya taɓa babban kalangu, shi ma da rana tsaka, lokacin da maigida ke barci.

Amma hannu rabin aikin ne. Ɗaya rabin yana ka. Mai kalangun dandali dole ya haddace garinsa: wane ne ɗan wane, wace yarinya aka sa wa rana, waɗanne samari biyu ne ba sa ga-maciji, wane gida ne aka yi rasuwa kwanan nan da bai kamata a kaɗa takensu ba. Ya san taken maƙera daban, na masunta daban, na manoma daban. Ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, ya san iyakar da in ya tsallake ta raha za ta koma faɗa. Idan ɗan dambe ya fara jin jiki, shi ne zai gane kafin alƙalin wasa, ya sassauta kiɗa don zuciya ta kwanta. Idan 'yan mata suka noƙe a gefe, shi ne zai nemo wadda ta fi su baki ya kaɗa mata, sauran su biyo. Na daɗe ina ganin cewa wannan sanin, wanda babu makarantar da ke ba da shaidarsa, ya fi kiɗan kansa wuyar samu, kuma shi ne ke fara ɓacewa idan fili ya daɗe a rufe.

Shekararsa ta manomi ce. Da damina yana gonarsa ta gero da wake kamar kowa, sai dai in an kira gayya ya je ya zuga majiya ƙarfi. Da an yi girbi, rumbu ya cika, wata ya yi haske, sai aiki ya buɗe: kalankuwa, kokawa, dambe, bukukuwan aure da aka tara sai kaka. A duk waɗannan, ban da wasan da aka kewaye da zana ana karɓar kuɗi a ƙofa, babu wanda ake tambaya ko sisi kafin ya tsaya kallo. Almajiri da ɗan Lawan, wato dagaci, wuri ɗaya suke tsayawa. Tsohuwa ta kawo tabarmarta, mai ƙosai ta kafa kaskonta, mai shayi ya jawo teburinsa kusa da haske.

Kallon ne kyauta. Wasan kuwa bai taɓa zama kyauta ba, akwai masu biya, sai dai suna da yawa kuma kowa kaɗan yake bayarwa. Sarkin samari ne ke bi gida-gida ya tara karo-karo, ya sayi goron gayyata, ya je gaban Bulama, wato mai unguwa, ya durƙusa ya ce, ranka ya daɗe, mun zo neman izinin fili. Mahauta na ware wa makaɗinsu nama ranar yanka. Manomin da aka yi wa kiɗa a gayya ba ya mantawa, da kaka zai aiko da dami. A fili kuma ga liƙi ga kari: saurayi ya manna wa makaɗi kuɗi a goshi don a kaɗa taken budurwarsa, attajiri ya yi wa ɗan damben da ya burge shi kari, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗa wa duniya abin da aka bayar. Idan kuma babbar buƙata ta taso wa makaɗi, zai aurar da 'ya ko gobara ta ci ɗakinsa, sai ya kira ajo. Abokan sana'a su zo daga garuruwa su yi wasa, duk wanda ya taɓa jin daɗin kiɗansa ya kawo gudummawa. Da an tashi, maigida ya zauna ya kasa abin da aka samu, 'yan amshi da mai kuntuku kowa da rabonsa, a cire na fata da tsirkiya tun kafin a taɓa na tuwo.

Wannan tsari ne ya karye, kuma ba abu ɗaya ya karya shi ba. Mafi nauyi shi ne tsoro. Tun da rikicin Boko Haram ya tsananta a Yobe, taron dare ya zama abin gudu. A watan Mayun 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa, aka katse layukan waya, ga dokar hana fita, ga hana hawa babur da ta ɗauki shekaru, alhali babur ne ke kai makaɗi ƙauyen da mota ba ta shiga. Dapchi ta ga nata ranar 19 ga Fabrairu, 2018, da aka kwashe ɗalibai 110 daga makarantar 'yan mata ta kimiyya da fasaha. An dawo da mafi yawansu ranar 21 ga Maris, biyar sun rasu, Leah Sharibu kuma ba a sako ta tare da su ba. Garin da aka yi wa haka, ba wanda zai ga laifin uwar da ta kulle ƙofa da magariba. Amma abin da hakan ya jawo wa sana'a shi ne, yaran da ya kamata a ce sun yi shekarun nan da kuntuku a ƙugu sun girma ba su riƙe gula ba, wasu sun tafi ci-rani Legas da Fatakwal, wasu sun kama tuƙin Keke Napep.

Da ƙura ta fara lafawa, sai makaɗi ya tarar wani ya zauna a wurinsa. Mai gidan biki ya gano cewa yaro ɗaya da lasifika da waya cike da waƙoƙin situdiyo ya fi masa arha a kan ƙungiyar mutum biyar da za a ciyar a kuma sallama. Lasifika ba ta san sunan kakan amarya ba, amma ba ta neman kuɗin mota. Ga kuma maganar malamai, wadda ta ƙara ƙarfi tun shekarar 2000 da Yobe ta shiga jerin jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a. Ba na cikin masu watsi da ita. Cakuɗuwar maza da mata har tsakar dare, da shaye-shayen da kan raɓi wasu wuraren, abubuwa ne da iyaye ke da haƙƙin ƙi. Sai dai kokawar la'asar da ake tashi kafin kiran magariba, da gaɗar 'yan mata a ƙofar gida a gaban iyayensu mata, da langar yara, ba su ne wannan ba, kuma an haɗa su an yi musu kuɗin goro.

Sai kuɗin kansa. Liƙi da takardar kuɗi ake yinsa, a farkon 2023 kuwa, lokacin canjin naira, takardar ta ɓace daga hannun mutane wata da watanni. Ba a manna tiransifa a goshi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ma ta haramta liƙi da naira, da hukuncin ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000, tun 2024 kuma hukumar EFCC ta fara gurfanar da mutane a kan haka da gaske. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Wasan yau kuwa ba ya yiwuwa da hasken wata kaɗai: ana son janareto, ana son lasifika ga mai waƙa, ana son kujerun manya, ana son ɗan abin da za a ba 'yan sintiri su tsare fili. Saurayin da ke tara karo-karo yanzu yana fama da kuɗin awo.

Ba wai hukuma ba ta kashe kuɗi a kan al'ada ba. Bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram, tsohuwar hedikwatar masarautar, taro ne mai ban sha'awa, haka bikin al'adun Machina da kokawarsa da sukuwar dawakinsa. Gwamnoni da sanatoci kan halarta, makaɗa kan samu alheri. Amma kwana biyu ko uku ne a shekara, kuma makaɗin da aka gayyata ya riga ya ƙware. Inda ake yin makaɗi shi ne dandalin unguwa, a wasan da babu babban baƙo. Idan wannan ya mutu, wata rana za a shirya Gogaram a rasa wanda za a gayyata.

A matakin tarayya ma haka abin yake. Tun 1988 Najeriya ke da rubutacciyar manufar al'adu, a 1991 kuma aka yi dokar kafa asusun tallafa wa fasaha na ƙasa, wanda masu sana'ar suka shafe shekaru suna kiran a zuba masa kuɗi ya fara aiki. A 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ware naira biliyan 3 don masana'antar fim. A 2019 Babban Banki ya fito da rancen masu fasaha, a 2023 aka kafa ma'aikatar fasaha da al'adu ta tarayya aka ba Hannatu Musawa. Duk waɗannan da mai kamfani suke magana, mai rajista da asusun banki da takardar tsarin kasuwanci. Rance kuma sai mai sayar da tikiti, don shi ne zai iya biya. Mutumin da sana'arsa ita ce ya tara unguwa kyauta, da me zai biya bashi?

Maƙwabtanmu na Nijar sun taɓa gwada wata hanya. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da samariya, kowace unguwa da ƙauye da ƙungiyarta, ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo tun daga ƙasa har zuwa bikin matasa na ƙasa baki ɗaya. A 1975 aka fara kokawar takobi a Tawa, wadda har yau take tsayar da ƙasar cak. Gaskiya ne gwamnatin soja ta yi amfani da samariya wajen tallar kanta, wannan kuma aibi ne da ya kamata a kiyaya. Amma ta gane cewa daga unguwa ake farawa, shi ya sa ɗan kokawar Nijar ke da tsani da zai taka tun daga ƙauyensu.

Misalin da ya fi kama hankalina ƙarami ne ƙwarai. A 2009 wasu mutane a birnin Boston na Amurka suka kafa abin da suka kira Awesome Foundation. Mutum goma ne, kowa ya kawo dala 100 a wata, a haɗa dala 1,000 a miƙa wa wanda ya zo da shawarar wani abu mai amfani ko mai faranta ran jama'a, ba rance ba, ba kuma a neman riba. Yanzu suna da rassa a ƙasashe da dama. Adashi ne, sai dai mai kwasa ba ya cikin masu zubi. Babu abin da ke cikin wannan da dillalan kifi na Gashua, ko 'yan kasuwar hatsi da dabbobi na Nguru, ko malaman Jami'ar Tarayya ta Gashua da aka kafa a 2013, ba za su iya ba. Mutum goma a Dapchi da za su riƙa ajiye naira dubu biyar-biyar a wata sun isa su ɗauki nauyin wasan la'asar ɗaya duk wata, daga kaka har zuwa bazara.

Hukuma ma lissafinta ba mai tsoratarwa ba ne. Yobe na da ƙananan hukumomi 17 da mazaɓu 178. Da za a ba kowace mazaɓa naira 100,000 a shekara don wasannin fili na kyauta, jimla naira miliyan 17.8 ke nan, kuɗin da bai kai na motar babban jami'i ɗaya ba. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. In har hakan ta tabbata a aikace, wannan na cikin ƙananan abubuwan da shugaban Bursari ko Bade ko Nguru zai iya yi ba tare da ya jira Damaturu ba.

Na san abin da za a ce: mutane na fama da yunwa, asibiti ba magani, ambaliya na cin gonaki a bakin kogin Yobe, ciwon ƙoda ya addabi Gashua, wa ke ta kiɗa? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba na cewa a ɗebi kuɗin magani a sayi fata. Amma duk wanda ya zauna a garin da aka firgita ya san cewa akwai ciwon da ba a kai shi asibiti: maƙwabci ya daina yarda da maƙwabci, yaro ya tashi bai san wani taro ba sai na zaman makoki da na rabon kayan agaji. Filin da Bamange da Babade da Bafulatani da Bahaushe za su tsaya kafaɗa da kafaɗa suna yi wa yaro ɗaya shewa yana gyara wani abu da buhun shinkafa ba ya gyarawa. Mai ƙosai da mai shayi da mai hayar kujeru kuma duk sun yi ciniki a ranar.

Haɗarin da na fi tsoro shi ne siyasa. Ƙaramin kuɗi in ya bi ta hannun kansila, sai ya koma kuɗin kiɗan jam'iyya, makaɗin gari ya zama maroƙin mutum ɗaya, rabin unguwa su daina zuwa. Don haka sharuɗɗan su zama kaɗan, amma a riƙe su da ƙarfi. Kada a karɓi ko kwabo a ƙofa, kada a kafa hoton ɗan takara, a tashi kafin magariba in haka unguwa ta zaɓa. Masu zaɓen wanda za a ba su zama Bulama da sarkin samari da shugabar mata da limami ko wakilinsa, a kuma faɗi adadin kuɗin da baki a gaban jama'a, kamar yadda sanƙira ke yi, don kowa ya ji. Kada a nemi makaɗi ya cike takarda da Turanci. Ya zo ya faɗi abin da zai yi, a rubuta masa. A biya a watan Oktoba ko Nuwamba, lokacin da gero ya shiga rumbu, ba a tsakiyar damina da kowa ke gona ba. Kuma a ware kashi ɗaya da sunan yaron da ke buga kuntuku, a damƙa masa a hannunsa, domin kuɗin ranar ne zai sa ubansa ya bar shi ya dawo wata mai zuwa maimakon ya tura shi tasha.